Ƙofar Banɗakin Saje Mika

Guduma ta sauka a kan cizal, ƙarfen sassaƙa bango, gutsuren bulo ya tashi ya bugi Beatrice a goshi. Ta ce, "Wayyo Yesu!" ƙasa-ƙasa, don a ɗakin nan ko zafi sai dai ta ji shi a ɓoye. Ta shafa wurin da bayan hannu, ta duba, babu jini. Ta sake ɗaga gudumar.

"Maman Praise!" Muryar surukarta ce, Mama Saloma, daga tsakar gida. "Yau ma?"

"Yau ma, Mama. Tsohon tayil ne nake cirewa."

Ƙarya ce tsagwaronta. Tayil tun shekaranjiya ta gama da shi. Ƙofar banɗakin da ke cikin ɗakin kwanansu take faɗaɗawa, ita kaɗai, da ɗakin a kulle da labule a sake, zafi kamar a gasa masara. Mace tela, wadda hannunta ya saba da almakashi da allura, yau ga ta da guduma, tafin hannu duk ya yi ƙanta ya fashe. Shagonta na bakin tashar Rikoto yana rufe, masu ɗinki suna ta kira tana ƙin ɗauka.

Banɗakin nan abin alfaharin mijinta ne, Saje Mika. Lokacin da ya gina gidan, duk wanda ya zo sai ya ja shi har ƙuryar ɗaki ya nuna masa, wai shi ma ya daina fita waje da bokiti. Amma ya yi shi ne irin na mai ƙafa biyu da ƙarfin soja: ƙofa 'yar siririya, dokin ƙofa mai tudu don kada ruwa ya shigo ɗaki, masai na tsuguno. Wa ya taɓa tunanin wani abu dabam?

A farkon watan nan aka kira ta daga asibitin sojoji a Kaduna. Ta ce wa Mama za ta je saro yadi. Ta same shi a kan gado ya rame, ya yi baƙi, bargon da aka lulluɓe shi da shi ya kwanta shafe a gefen hagu tun daga saman gwiwa. Motarsu ce ta taka nakiya a can arewa maso gabas. Beatrice ba ta gama kukanta ba ya jawo Littafi Mai Tsarki daga ƙarƙashin matashi, ya kama hannunta ya ɗora a kai.

"Ki rantse ba za ki gaya wa Mama ba."

"Haba, Baban Praise! Uwarka ce fa."

"Shi ya sa. Kin manta bara?"

Ina za ta manta? Bara ne labarin ƙanensa Ebenezer ya zo, shi ma soja, aka ce ya faɗi a bakin daga. Mama ta yanke jiki ta faɗi a gaban murhu, hawan jini ya kwantar da ita makonni, har yau bakinta bai gama komawa daidai ba. Likita ya ja kunnensu cewa wani bugun irin wannan ba lallai ta tashi ba.

"In ta ji a bakin wani, zuciyarta za ta tsaya," in ji Mika. "Bari ta gan ni da idonta, ina zaune ina dariya. Kuma kada ki kira birkila. Kin san mutanenmu. Kafin ya wanke cokalin gininsa labari ya kai coci, ya kai kasuwa, ya kai Sakaba wajen dangin Mama."

Ta rantse. Sannan ta ciro tef ɗin awonta daga jaka, wanda ko coci ba ta zuwa ba tare da shi ba, ta auna faɗin keken guragun da ke jingine a bakin gadon. Shi kuma tun daga ranar bai kira uwarsa ba, wai muryarsa za ta tona shi. Ya bar Beatrice da guduma da ƙarya, kuma Asabar mai zuwa za a kawo shi.

Ta ajiye gudumar da hantsi, ta kakkaɓe kanta, ta ɗaura zane a kan tsohon wandon Mika da take aiki da shi. Tana buƙatar ƙarfen da za ta kafa a bango don ya riƙa dafawa. Ta fito, ta murɗa makulli sau biyu, ta ƙulle shi a bakin zane.

Mama tana zaune a kan 'yar kujera a gindin mangwaro. Kofin kunun da aka ba ta tun safe yana gefenta, ya yi sanyi har ƙuda sun gaji da shi.

"Mama, ba ki sha ba."

"Zan sha." Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Ya kira?"

"Sabis ne babu inda suke, Mama. Kin san dajin nan."

"Na sani."

Sai ta ɗago ta kalle ta, dogon kallo, tun daga ƙurar simintin da ke girarta har zuwa inda makullin ya yi tudu a zane. Beatrice ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fi ƙaunar a zage ta da wannan "na sani" ɗin. Ta yi sauri ta fita, ta tsayar da ɗan kabu-kabu.

Shagon Cyprian yana layin masu kayan gini a cikin gari. Mutumin ɗan kudu ne, ya fi shekara ashirin a nan Zuru, ya iya ciniki da Hausa har da zolaya, sai dai Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a wurinsa. Yana ganinta ya ture kwanon abincinsa.

"Maman Praise! Ka dawo? Rannan masai na zama, jiya siminti, yau kuma mene?"

"Ƙarfe nake so, mai kauri, kamar tsawon hannuna. Da abin kafa shi a bango."

"Na rataya tawul?"

"Wanda zai ɗauki nauyin mutum."

Cyprian ya tsaya da tsinken sakace a baki. "Wa zai riƙe?"

"Mama ce. Gwiwa ta fara damunta."

"A ɗakin Oga Saje Mama zai riƙa wanka?"

Kai, mutumin nan da tambaya kamar ɗan sanda! Beatrice ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ai gida ɗaya ne. Ya shiga ciki ya fito da ƙarfen, ya yanka mata, ya haɗa da kusoshi. Da za ta karɓa sai idonsa ya faɗa kan tafin hannunta.

"Chineke! Madam, wannan hannun ɗinki ne ka mayar haka? Bari na aiko maka Philemon, mai gyaran famfo na. Ba sai ka biya ba. Oga Saje abokina ne."

"A'a."

"Rabin yini ya gama."

"Na ce a'a, Oga Cyprian. Na gode."

Ta faɗa da ƙarfin da ya sa mai shagon kusa ya leƙo. Cyprian ya ɗaga hannu biyu sama. Wallahi da za a buɗe zuciyarta a lokacin, babu abin da take so a duniya kamar Philemon ɗin nan ya zo ya karɓi gudumar, ita ta je ta kwanta ta yi barci. Ta saɓa ƙarfen ta juya.

"To ka ji," ya ɗaga murya a bayanta. "Kafin ka ƙara taɓa bango, ka rufe ruwan tanki!"

Ta ji shi sarai. Amma makullin ruwan yana gindin tankin, dab da ƙofar ɗakin Mama, kuma rufe shi yana nufin famfon tsakar gida ya ɗauke, yana nufin wata tambayar, yana nufin wata ƙaryar. Ta gaji da ƙirƙiro su. Balle ta san inda bututun ya bi, a gabanta aka binne shi a bangon, yana can gefe, nesa kaɗan da inda awonta ya tsaya.

Da ta koma ta kulle kanta, sai ta zauna a bakin gado ta kira Mika. Ya ɗauka da muryar mai barci.

"Baban Praise, ka warware mini rantsuwar nan."

"Me ya faru?"

"Mama ba ta cin abinci. Ba ta zuwa zumuntar mata a coci. Zama kawai take tana kallona. Ko gaisuwa ce ka kira ka yi mata, minti ɗaya."

"Ba zan iya ba, Bea. Tana cewa 'Mika' zan fashe. Kin san ta, ko tari na yi ta san abin da na ci."

"To ni fa? Ni dutse ce?"

Tana jin ƙarar wani abu mai taya ana turawa a bayansa, da muryar wata nas.

"Asabar ce fa," ya ce. "Ki daure. Ƙofar ta kusa?"

"Ta kusa."

Ta jefa wayar a tsakiyar katifa, haushi ya cika ta har wuya. Soja guda, saje, mai ba maza umarni, amma muryar tsohuwa ɗaya ta gagare shi! Ta cire zanen, ta rataya tef a wuya, ta ɗauki allin ɗinkinta mai shuɗi ta shiga banɗakin.

Wurin ya zama kango. Ta riga ta fasa dokin ƙofar ta daidaita shi da ƙasa don taya ta wuce. Sabon masan yana tsaye a lungu, an manne shi da siminti, ya ɗan karkace amma ya zauna, a bidiyon waya ta koyi yadda ake yi. Ramin da ruwa ke fita ta toshe shi da tsumma don kada ɓaraguzai su cike shi, ɓaraguzan kuma sun taru a kansa tuli guda, saboda ba ta iya fitar da su sai Mama ta shiga ɗaki. Ta auna faɗin keken a jikin bangon, ta ɗiga alama.

Sannan hannunta ya yi abin da ya saba. Duk telan kirki ba ya yanka a kan awo cif, sai ya bar rara, ko don ɗinki, ko don mai kaya ya ƙara jiki. Shekara da shekaru haka take yi wa kowace riga, har ba ta san tana yi ba. Ta matsa yatsa uku gaba da alamar, ta ja layi mai kyau daga sama har ƙasa, ta ja baya ta duba, ya miƙe sumul. Ta ɗora cizal a kan layin.

Bulo ya yi ta zubowa, aikin yana tafiya fiye da kullum, ƙofar ta buɗe baki sosai. Saura ɗan gefe a daidai ƙugunta. Ta tattara haushin Mika duka ta zuba a bugu ɗaya.

Ƙarar ba irin ta bulo ba ce. Wani "fas!" ta ji, sai ruwa ya yi tsiri daga cikin bangon ya watsa mata a ciki, mai sanyi, da ƙarfi kamar an buɗe bakin rijiyar burtsatse. Ta yar da gudumar ta danna tafin hannu a wurin. Ruwan ya fito ta tsakanin yatsunta. Ta haɗa hannu biyu, ta jingina da kafaɗa, ya ragu amma bai tsaya ba.

Tirƙashi! Rarar da ta bari, a kan bututun ta sauka daidai.

Ta dubi ƙasa. Ruwa ya nemi ramin fita bai samu ba, ya kewaye tulin ɓaraguzai, ya juyo. Babu dokin ƙofar da zai tare shi, ita da hannunta ta fasa. Ya bi ta ƙarƙashin ƙafafunta ya shiga ɗakin kwana a hankali, launin toka, ya nufi buhun simintin da ke jingine da gado, ya nufi akwatin yadin mutane. Da safen nan wuta ta zo, ta cika tankin har ya yi ambaliya.

Ta miƙa ƙafa ta jawo wani tsumma da yatsu, ta cusa a bakin fashewar. Ruwan ya tofo shi waje. Ta gwada da allin, ya narke. Wayar tana can tsakiyar katifa, taku kaɗan ne, amma in ta saki, kafin ta dawo ɗakin ya zama tafki. Kuma in ta ɗauko, wa za ta kira? Philemon, ya zo ya ga ƙofa mai faɗin keke? Mika, da ke kwance a Kaduna? Praise tana makarantar kwana. A duk faɗin gidan nan mutum ɗaya ne zai iya murɗa makullin tankin, kuma shi ne mutumin da aka ce kada ya sani.

Ta tsaya a haka. Hannayenta suka yi sanyi, fasassun wuraren suna raɗaɗi kamar an zuba barkono. Bayanta ya ƙage. Gumi yana shiga idonta ba halin sharewa. Ta ce a ranta bari ta jira tankin ya ƙare, sai ta tuna girmansa, ta tuna yadda Mika ya yi ta cika baki cewa ya fi na kowa a layin. Ta yi addu'a, addu'ar ta koma masifa. Ta zagi nakiya, ta zagi wanda ya binne ta, ta zagi tef, ta zagi ranar da ta ɗora hannu a kan Littafin. Tana jin tsoro, tsoro na gaske, ba na ruwan ba: in tsohuwar nan ta shigo ta gane, ta faɗi a gabanta, ita ce ta kashe ta. Mika zai dawo ba ƙafa ba uwa, kuma har abada zai riƙa kallonta da wannan.

Buhun simintin ya jiƙe daga ƙasa, ya yi duhu. Takalmin Mika na zuwa coci ya taso daga ƙarƙashin gado yana lilo a kan ruwa, ƙafar dama, ɗayan bai biyo shi ba. Ruwan ya kai bakin ƙofar ɗakin ya fara zurarewa ta ƙasa zuwa baranda. Ko ta kira ko ba ta kira ba, yanzu zai je ya kira mata.

Ta ɗaga kai wajen 'yar tagar banɗakin.

"Mama!" ta kira. "Mama! Ki taimake ni ki rufe ruwan tanki! Jan makullin nan na ƙasa, ki murɗa shi dama!"

Sai ta ji ƙarar silifa a hankali, irin tafiyar Mama tun bayan ciwon, ƙafa ɗaya tana ɗan ja. Beatrice ta ƙirga numfashinta. Ruwan da ke dukan tafinta ya yi laushi, ya koma zirara, ya koma ɗigo. Ta saki. Hannayen suka ƙi miƙewa, suka tsaya a lanƙwashe kamar na kuturu.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin sau ɗaya.

"Buɗe."

"Mama, bari in share tukuna, wurin ba kyau, za ki zame..."

"Beatrice. Buɗe."

Tun da aka haifi Praise, Mama ba ta ƙara kiran sunanta tsura ba. Ta ratsa ruwan, ta lalubo makullin a bakin jiƙaƙƙen zanen da ta yar a ƙasa, da ƙyar yatsunta suka murɗa.

Mama ta shigo ba ta ko tattare zanenta ba. Ruwa ya rufe mata idon sawu. Ba ta dubi simintin da ya lalace ba, ba ta dubi akwatin ba. Ta wuce kai tsaye ta tsaya a gaban ƙofar banɗakin, ta dubi faɗinta daga wannan gefe zuwa wancan, ta dubi inda dokin ƙofa yake a da. Ta miƙa hannu ta shafa gefen bulon da aka sassaƙe. Beatrice ta matso bayanta ta buɗe hannuwa, tana jiran ta tare ta.

Tsohuwar ba ta faɗi ba. Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka nuna wa ɗinki ta ga ya yi.

"Ya isa," ta ce. "Mutum biyu gaba, biyu baya, za su shiga da shi."

"Mama?"

"Kin yi dabara, 'yata. Gara a yi masa wankan a ɗakinsa, ba a tsakar gida ba, yara suna leƙe." Muryarta a kwance take, ba rawa. "Na Ebenezer ba su kawo mini ba. Can suka binne shi, sai hularsa aka ba ni a leda. Wannan dai kin sa sun yarda za su kawo. Allah ya yi miki albarka. Wace rana ce?"

Beatrice ta ji kanta ya yi dum.

"Kada ki wahalar da kanki da wata ƙaryar," Mama ta ci gaba. "Haka aka yi mini wancan karon. Kowa yana mini murmushi, kowa yana cewa sabis ne babu, ana jiran fasto da dattawa su haɗu. Tun ranar da kika dawo daga Kaduna ba yadi ko ƙyalle na sani. Na yi shiru ne don na ga ke ma kina ɗauke da naki. Na riga na yi kukana, na gama. Ki gaya mini ranar kawai, in aika Sakaba."

Ashe duk kwanakin nan, a gindin mangwaron can, makokin ɗanta take zaune, ita kaɗai, ba mai yi mata gaisuwa! Abin da aka ɓoye don kada ya kashe ta, ta ɗauki wanda ya fi shi ta haɗiye, tana kallonsu. Beatrice ta tuna hannunta a kan Littafin, ta tuna fuskar Mika, ta ce Allah ya yafe mata, in kuma ba zai yafe ba ya rubuta a kanta.

"Yana da rai, Mama!" Ta durƙusa cikin ruwan ta kama gwiwoyin tsohuwar. "Wallahi yana da rai! Yana asibiti a Kaduna, ɗazu ma na yi magana da shi. Nakiya ce. An yanke masa ƙafa. Ƙofar ta keke ce, keken guragu. Shi ya sa ni rantsuwa kada in gaya miki."

Yanzu ne Mama ta lalubi bango, ta lalubi kafaɗar Beatrice, ta ja baya ta zauna a bakin gado da ƙarfi. Bakinta, gefen da ya karkace, yana motsi ba sauti. Beatrice ta riƙe mata hannu tana kallon idonta, tana jiran abin da likita ya faɗa.

"Ƙafa," in ji Mama.

"I, Mama."

"Guda nawa?"

"Ɗaya. Ta hagu."

"Sauran fa? Hannu? Ido?"

"Duk suna nan."

"Yana magana? Ya san mutane?"

"Har faɗa yake yi."

Mama ta saki wani dogon numfashi, ta rufe ido. Hawaye suka gangaro ta cikin tamojin fuskarta, ba ta share ba. Ta daɗe a haka, ruwa yana ɗiga daga bangon banɗaki, tal, tal. Da ta buɗe idon, ba idon mai makoki ba ne. Beatrice ta san wannan kallon, shi ne wanda ke sa manyan sojoji biyu su ɓuya a bayan rumbu suna yara.

"Kira mini shi."

Beatrice ta ɗauko wayar, ta danna, ta sa a lasifika don hannunta ba zai iya riƙewa a kunne ba. Ta yi ƙara sau biyu.

"Bea? Kin gama ƙofar?"

Mama ta fizge wayar, ta kai ta dab da bakinta, ta yi magana da ƙarfi irin na wanda bai yarda waya tana ji ba.

"Mika."

Can ɓangaren ya yi tsit.

"Mika, da kai nake, mara kunya. Ka bar ni ina zaman makokinka, ka bar yarinyar mutane tana fasa bango da hannun ɗinki. Ni ƙafa na haifa, ko ɗa?"

Wani sauti ya fito daga wayar, irin wanda Beatrice ba ta taɓa ji daga bakin mijinta ba, ko a asibitin. Saje Mika yana kuka kamar yaron goye, yana "Mama, Mama," ya kasa haɗa kalma ta biyu.

"Yi, ina jinka," in ji Mama. "Ba inda za ni."

Ta ɗora wayar a cinya, ta bar shi yana yi. Sannan ta dubi Beatrice da ke durƙushe cikin ruwa, ta kama tafin hannunta ta juya shi, ta ja tsaki.

"Tashi ki je ki kira mai gyaran famfo, ki kira birkila, duk wanda ya tambaye ki ki gaya masa. In za ki wuce, ki ɗumama mini kunun nan."